Yadda Ake Ƙulla Zumunci da Samun Abokan Hulɗa a Filin Rawar Biki

A Katsina za ki ga mata biyu suna aiki a ofis ɗaya, ko suna unguwa ɗaya, shekara da shekaru babu abin da ke haɗa su sai "ina kwana" da "ya yara". Ranar da suka haɗu a wajen kamu, ɗaya ta jawo hannun ɗaya zuwa cikin fili, suka taka tare, suka yi dariya, daga nan sai ki ji sun fara kai wa juna ziyara. Ciniki da yawa na mata a garin nan, na atamfa da leshi, na turaren wuta da humra, na ɗinki da ƙunshi da girkin biki, daga irin wannan haɗuwa ya samo asali. Haka nan labarin gurbin aiki, da gidan haya mai kyau, da makarantar da za a sa yara.

Na rubuta wannan ne domin amaryar da aka kawo Katsina ko Daura daga wani gari, da ma'aikaciyar da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗalibar da ta zo karatu Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam, da duk mai ƙaramar sana'a da ke neman a san ta.

A wasu ƙasashe akwai rawar da ake yi bibbiyu, namiji da mace riƙe da juna, kamar tango ta Ajantina, kuma mutane na zuwa koyonta takanas don su san sababbin mutane. Wannan ba tamu ba ce, addini da al'ada ba su yarda da ita ba, kuma ba ita nake nufi ba. Maganata a kan rawar taron mata ce, inda mace ke fuskantar 'yar'uwarta mace a tsakiyar fili. Tun muna yara aka koya mana ita a dandali wajen gaɗa, lokacin da yarinya kan saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su cafe ta su ɗaga.

Mataki na farko: zaɓi taron da ya dace da ke

Ba kowane taron biki ne wurin ƙulla zumunci ba. A ɗakin taro inda aka gauraya maza da mata, DJ ya ƙure sauti har ba kya jin maganar ta kusa da ke, za ki sha kallo ki koma gida ba ki san kowa ba. Ki fi mayar da hankali ga taron mata zalla: sa lalle, kamu, wunin biki a gidan iyayen amarya, buɗar kai, da wunin suna. A nan ne manyan mata ke sakin jiki, a nan ne kuma ake da lokacin hira.

Bukukuwa kan yi yawa a watan Sha'aban kafin azumi, da bayan Sallah, da lokacin hutun ƙarshen shekara. A Daura kuma gidaje kan cika da baƙi lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Ki duba waɗannan lokuta tun da wuri, ki ware abin da za ki iya kashewa, don kada anko uku su faɗo miki a wata guda.

Kafin komai ki nemi izinin maigida, ko na iyaye in kina gabansu, ki gaya musu gidan da za ki da lokacin dawowa. Idan bikin a wata ƙaramar hukuma ne, ki tsara tafiyar yadda za ki dawo da rana, ko ki kwana can. Kowa ya san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki.

Mataki na biyu: ki shiga ta hannun wata

Kada ki je bikin da ba a gayyace ki ba don kawai kin ji manyan mata za su hallara. Ana ganewa, kuma sunan da za a sa miki ba zai goge da wuri ba. Ki nemi mace ɗaya da ta san ki, ta kuma san gidan: maƙwabciya, abokiyar aiki, dangin miji, ko wadda kuke Islamiyya tare. Ki ce mata kai tsaye, "Anti, in za ki bikin nan ki tafi da ni, ina so in san mutane." Ba abin kunya ba ne, yawancin mata ma daɗi suke ji a ce su ne suka kawo baƙuwa.

Anko ba dole ba ne ga wadda aka rako. In kina da hali kuma kina so a lissafa ki cikin ƙawaye, ki yi. In babu, ki sa atamfarki mai tsabta da mayafi wadatacce wanda ba zai riƙa zamewa ba in kina motsi. Takalmi ya zama wanda za ki iya tsayuwa da shi, domin filin gida sau da yawa ƙasa ce ko tabarma, dogon dunduniya kuwa nutsewa yake yi.

Abin da ba a tsallakewa shi ne gudummawa. Komai ƙanƙantarta, ki sa a ambulan, ki rubuta sunanki da na unguwarku, ki miƙa wa uwar biki hannu da hannu ko wadda aka ɗora wa karɓa. A gidaje da yawa akwai mai littafi da ke rubuta wanda ya kawo da abin da ya kawo, saboda ranar ramawa. Shigar sunanki wannan littafi ita ce shigarki cikin mutanen gidan.

Mataki na uku: ki riga kiɗa isa

Taron mata yakan kankama bayan la'asar, a watse da magariba ko jim kaɗan bayanta. Ke ki isa kafin ya kankama. A wannan lokaci uwar biki tana da sararin kallon fuskarki, kuma akwai aikin da hannu bai ishe shi ba. Ki gaida manya tukuna, ki rusuna, ki bi su ɗaya bayan ɗaya: "Hajiya ina wuni, ya hidima? Allah ya sa alheri, Allah ya ba su zaman lafiya." Wadda ta kawo ki ita za ta ce, "Wannan matar wane ce," ko "Tare muke aiki." Ki bar ta ta gabatar da ke.

Sannan ki ajiye jaka a wuri mai aminci ki kama wani abu, ko jera kujeru, ko zuba abinci a robobi, ko rarraba ruwa. Wadda kuka ƙulla zoɓo tare da ita, ita ce za ta fara jawo ki in an soma kiɗa.

Mataki na huɗu: ki gyara takunki tun a gida

Ba a neman gwaninta. Abin da ake so shi ne ƙafarki ta bi kiɗa, fuskarki kuma ta sake. A ɗaki, ki kunna irin kiɗan da ake sawa a biki, ki tsaya ƙafafu kusa da juna, ki sassauta gwiwa kaɗan. Ki taka dama, ki jawo hagu ta same ta, ki taka hagu, ki jawo dama. In wannan ya zauna, ki bar kafaɗa ta riƙa rausayawa tare da takun, hannu ɗaya riƙe da gefen mayafi, ɗayan a sake. Daga nan ki koyi matsawa gaba taku biyu da dawowa baya taku biyu, sai juyi guda a hankali. Wannan ya ishe ki shiga kowane fili.

Ki saba kunnenki da kiɗa iri uku da za ki tarar. Akwai kiɗan ƙwarya, wato amada, wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtua, da ta rasu a 2013, ta kai sunansa ko'ina. Mata ne ke kaɗa shi, da ƙore a kife, wata a kan ruwa cikin masaki, kuma shi ne kiɗan da manyan mata suka fi tashi a kansa. Akwai kalangu, mai saurin sauya murya, wanda makaɗin kan bi mai rawa da shi. Sai kuma waƙoƙin zamani da ake sawa a na'ura, waɗanda 'yan mata suka fi so. Takun da na bayyana yana shiga duka ukun, sauri ne kawai ke bambanta.

In kina cikin waɗanda ba sa rawa saboda fahimtarsu ta addini ko ra'ayin gida, ba ki rasa komai ba. Ki tsaya a bakin fili ki yi tafi in kin ga dama, ki riƙe wa mai rawa jakarta ko jaririnta. Mai hankali ba za ta matsa miki ba.

Mataki na biyar: cikin fili

Nan ne aikin yake, kuma nan ne baƙuwa ta fi yin kuskure, ko dai ta maƙale a kujera har a tashi, ko ta faɗa fili a lokacin da ba nata ba.

Fili yana da tsari ko da ba a faɗa ba. Mai gabatarwa ko zabiya takan kira mutane rukuni rukuni: iyayen amarya, dangin uwa, dangin uba, dangin ango, ƙawayen uwar amarya, abokan aikinta, ƙawayen amarya. Idan aka kira iyaye, ki zauna ki yi tafi. Ki jira rukunin wadda ta kawo ki, ki tashi tare da ita. In an ce fili na kowa ne, to shi ke nan.

Da kin shiga, ki fara da wadda kika sani. Ku fuskanci juna, tsakaninku kamar tsawon hannu, ki ɗauki saurinta. Bayan ɗan lokaci za ki ga da'irar tana juyawa, fuskoki suna sauyawa. Duk wadda ta faɗo gabanki, ki dube ta, ki yi murmushi, ki daidaita takunki da nata na ɗan lokaci kafin ki wuce. Wadda ta mayar miki da murmushi ta kuma tsaya, ita ce abokiyar rawarki a wannan waƙa. Ki bar ta ta ja gaba da farko. In ta matso ki ja baya, in ta ja baya ki matso, in ta juya ki ba ta wuri. Ba a magana mai tsawo a nan, "sannu ƙawata" ta isa.

Idan babbar mace ce ta fuskance ki, sa'ar mahaifiyarki, ki rage tsawo, ki ɗan duƙa, ki rage sauri, kada takunki ya fi nata ƙarfi. Na ga wata dattijuwa a wani wuni a wajen Ƙofar Marusa ta kama bakin mayafin wata baƙuwar amarya da ke ɓuya a bayan kujeru, ta ja ta har tsakiya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, tana taku ƙanana, tafin hannunta biyu a haɗe a ƙirji. Dattijuwar ta ɗaga mata hannu sama, wata daga gefe ta rangaɗa guɗa, kafin waƙar ta ƙare mata huɗu sun tambayi ko matar wane gida ce. Ba ta yi wata rawar a zo a gani ba. Ladabin da ta nuna a cikin takun ne ya ja hankalinsu.

Ke ma ki koyi jawo wata. Ki duba bakin fili, za ki ga mai kaɗa ƙafa a zaune tana son tashi, kunya ta hana ta. Ki je gabanta da rawarki, ki miƙa hannu. In ta girgiza kai sau ɗaya da dariya, ki sake miƙawa. In ta ƙi karo na biyu, ki ce "to Allah ya ba da lada," ki bar ta. Mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa rasuwa kwanan nan, ba a jan su.

Wasan barkwanci ma ƙofa ce. In kin ji abokiyar rawarki Banufiya ce ke kuma Bakatsiniya, ko ke Bafulatana ita Babarbariya, akwai tsohon wasa tsakaninku, kuma tsokana guda mai daɗi tana rage nisa nan take. Sai dai ki tabbatar da wasan yana tsakaninku kafin ki fara, kuma kada ki taɓa jikin mutum ko aurenta da zolaya.

Waƙa biyu ko uku sun isa. Ki fita tun ana sha'awar rawarki, ki ba wasu wuri. Ranar ta amarya ce da uwarta, duk wadda ta nemi ta rufe su da rawa ko da ado, mata na gani, kuma suna riƙewa.

Mataki na shida: liƙi

Liƙi girmamawa ce, amma ki san doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wajen biki, kuma hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kotu kan wannan. Saboda haka ki sa kuɗin a hannun wadda kike yi wa, ko a farantin da aka ajiye, ko a ambulan. Ki tanadi canji tun daga gida, ki kasa shi uku: na uwar biki ko amarya, na masu kiɗa, da ɗan abin da za ki sa wa wadda ta kawo ki in ta shiga fili. Wannan na ukun mutane kan manta da shi, alhali shi ne godiyarki a bainar jama'a.

Kada ki yi gasa da kowa. Mai liƙa abin da ya fi ƙarfinta takan jawo wa kanta masu neman rance.

Mataki na bakwai: hirar bayan rawa

Kun fito kuna haki, kun zauna kusa da juna. Ki miƙa mata ruwa. Ki tambaye ta ta wane ɓangare take, na ango ko na amarya, da unguwar da take. Ki faɗi naki. In ta tambayi abin da kike yi, ki amsa a taƙaice: "Ina ɗan haɗa turaren wuta a gida," ko "Ina koyarwa a firamare." Ki tsaya nan. Kada ki zaro kaya daga jaka, kada ki fara nuna hotuna da farashi. Ni a ganina babu abin da ke kashe sabuwar alaƙa kamar wannan, domin nan take matar za ta ji cewa rawar da kika yi da ita talla ce.

Abin da ya halatta shi ne sana'arki ta yi magana da kanta. Mai ɗinki ta sa ɗinkinta, mai ƙunshi ta zo da zanenta a hannu, mai humra ta shafa tata. In an yaba, ki ce "ni na yi," ki yi godiya.

Ki fi yawan saurare. Za ki ji wadda ke shirin aurar da 'ya bayan Sallah, da wadda ke neman mai koya wa yaranta karatu, da wadda ƙanwarta ke neman aiki. In kin san wadda za ta biya wa wata buƙata, ko da ba ke ba ce, ki haɗa su. Kafin a tashi ki ce, "Yaya, ba ni lambarki mu riƙa gaisawa." Lamba biyu ko uku na mutanen da kuka yi hira da gaske sun fi lambobi barkatai. Ki adana kowace da sunan bikin da unguwa, don kada ki rikice.

Game da waya kuwa, kada ki ɗauki bidiyon matan aure suna rawa, balle ki ɗora a TikTok ko WhatsApp. Sun saki jiki ne don sun yarda babu idon namiji a wurin. Bidiyo guda na iya jawo wa mace fitina a gidanta, kuma duk wadda aka sani da wannan hali, ana daina gayyatarta ba tare da an gaya mata dalili ba. Hoto ma ki tambaya tukuna.

Mataki na takwas: ban gajiya

Yawancin mata a nan suke sakin igiyar. Sun yi anko, sun yi rawa, sun karɓi lamba, sai su yi shiru har wani bikin. Zumunta a ƙafa take. Washegari ko bayan kwana biyu ki koma gidan bikin tare da wadda ta kai ki, ko ki kira in nisa ya hana. A lokacin gida ya yi sauƙi, sai 'yan'uwa na jiki ana mayar da tukwanen aro. Ki ce wa uwar biki, "Hajiya, mun zo ban gajiya. Allah ya huta gajiya, Allah ya sa an yi ke nan." A nan ne za ta dube ki da kyau ta ce, "Af, ke ce kika taya mu rabon abinci ko? Zauna mana." Zaman minti ashirin a wannan rana ya fi wunin bikin gaba ɗaya amfani wajen sanin juna.

Su ma waɗanda kika karɓi lambarsu, ki kira su cikin kwana biyu ko uku. Kira ya fi saƙo, musamman ga wadda ta girme ki. Ki tuna mata inda kuka haɗu, ki tambayi gajiya da yara, ki ajiye waya. A kira na farko babu maganar ciniki, babu neman alfarma. In ta ambaci rashin lafiyar wani nata a wajen biki, ki tambayi jikinsa.

Mataki na tara: ramawa, da shigowar ciniki

Daga nan sai ki zama mai zuwa. In wadda kuka yi rawa da ita ta haihu, ki je barka ki je suna. In an yi mata rasuwa, ki je gaisuwa, wannan ma ya fi zuwa biki nauyi a zuciyar mutane. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta gudummawar da kika kai da wadda aka kawo miki, domin in bikin wadda ta kawo miki ya zo, ana so ki mayar da kwatankwacin abin da ta yi miki ko ki ɗan ɗora a kai. Bayan haɗuwa ta uku ko ta huɗu, za ki ga an sa ki a zauren WhatsApp na ƙawaye, an fara turo miki katin gayyata da sunanki.

A wannan gaɓa ce maganar sana'a ke fitowa, galibi daga bakinsu. In kina neman aiki ko wata hanya, yanzu za ki iya zuwa gida ki same ta ki faɗa a fili: "Anti, na gama karatu kaza, in kin ji labarin gurbi ki tuna da ni." Ki faɗa sau ɗaya, ki ba ta takardunki in ta nema, kada ki mayar da kowace gaisuwa tuni.

Za a kuma gayyace ki adashi. Kafin ki shiga ki san uwar adashin, ki san yawan masu zubi da ranar kwasa, ki tambayi wadda ta taɓa kwasa a hannunta. Ki fara da zubin da ba zai hana ki barci ba.

Oda ta farko da ƙawar biki za ta ba ki, ki faɗi farashi a fili tun kafin ki fara, ki karɓi kafin alƙalami, ki kuma kai kayan ranar da kika ce. In kina so ki kyautata mata, ki ƙara mata 'yar kwalbar humra ko ki yi mata ragi ki gaya mata ragi ne. In ta nemi bashi kuma jarinki ba zai ɗauka ba, ki ce mata, "Wallahi Yaya kuɗin kayan na mutane ne, amma ki kawo rabi yanzu, in ajiye miki har ƙarshen wata."